Baburin da Ya Kasa Ƙetare Iyaka

Ranar da ta fara ganinsa, turo babur yake yi, shuɗi, mai lambar wata ƙasa. Ya tsaya a ƙofar shagon yayarta, inda take yi wa matafiya kwafin takardu, ya ce wai a shingen iyaka an ce sai ya kai kwafin takardar mallaka. Ta yi ta satar kallonsa har kwafin ya fito a karkace. Ya duba, ya ce ai ya fi na ainihin kyau.

Ta ɗauka shi ke nan. Sai ga shi ya dawo.

Baba Hatimi, tsohon jami'in da ke kula da shingen, ya sa masa ido. Yau ya ce inshorar ba ta aiki a wannan ɓangaren. Gobe ya ce lambar inji ta yi datti, ba ta karantuwa. Ran nan cewa ya yi hoton lasisin bai yi kama da shi ba, tunda ya yi aski. Duk lokacin da ya koro shi, sai Baba ya rufe baki da hula, wai tari.

Mai babur kuwa ko a jikinsa. Ya turo babur yana fito da baki, ba jaka ba ƙunshi, ya zauna a bencin shago har rana ta yi sanyi.

"Ƙanwata, injin ne ya ɗau zafi ko ke?" yayarta takan tambaya.

Sai ta ƙara sunkuyawa kan injin. Hotunansa da suka lalace a inji ba ta taɓa zubar da ko ɗaya ba. A zuci tana roƙon kada takardun nan su taɓa cika, sannan ta yi istigfari, sannan ta sake roƙa. Ta san ranar da suka cika zai wuce, ita kuma ba ta taɓa ce masa komai ba bayan "ga takardarka".

Wata safiya Baba ya ɗaga murya yadda har shago sai an ji.

"Samari, na gaji. Doka ɗaya ta rage. Baƙon babur sai da ɗan ƙasa da zai tsaya wa mai shi, ya faɗa da bakinsa. In ba ka da kowa, juya gida, kada in sake ganin ka nan."

Karo na farko ke nan ta ga murmushinsa ya ɗauke. Ya zaro wa Baba ido. Ya kama kan babur zai juya.

Ba ta san lokacin da ta tsallake benci ba. Takalmi ɗaya ya zauna a shago. Ta ratsa layin direbobi tana haki, ta dafa sandar shingen.

"Baba, ni na tsaya masa. Yau, da gobe, da duk ranar da ya zo. Ko babur ɗin ya tsufa ya mutu, ina nan, na yi alkawari."

Direbobi suka hau danna oda. Baba ya cire hula ya yi dariyarsa a fili, har da share hawaye.

"Alhamdulillahi, na huta da ƙirƙirar dokoki. 'Yata, tun ranar da kika yi masa karkataccen kwafin nan na buga masa hatimin wucewa; shi ne kullum yake roƙona in koro shi wurinki."