Gidan Malam Bube a Gangare

Muntari ya juye buta guda a saman filin, ya tsaya yana kallon ikon Allah. Ruwan bai yi shawara da kowa ba, ya kama gangare a guje har ya ɓace cikin tsakuwa. Filin da aka ba su ke nan a sabon gari, a madadin gidan kakanninsu na ƙasar Maradun da ruwan dam ɗin Bakolori ya fara ci. Kan filin a tudu, ƙafarsa a kwari.

Da gida kawai za a gina, da sauƙi. Damuwar ita ce Muntari ya yi ƙarya, kuma ubansa ya yi wa.

Uban nasa, Malam Bube, ya shekara goma sha biyu ba ya gani, amma a gidansa bai taɓa neman sanda ba. Taku goma sha tara ne daga turakarsa zuwa zauren da yake ba da karatu, kuma ya sha rantsewa gawarsa kaɗai za a fitar daga gidan. Da ciwon zuciya ya kwantar da shi, aka kai shi Talata Mafara wurin 'yarsa Taiba, kusa da asibiti. Bayansa aka kwashe garin. Likita ya ce a kiyaye shi da mugun labari, sai Muntari ya durƙusa ya ce masa ruwa bai kai unguwarsu ba, gyara kawai ake yi wa gida. Malam ya yi hamdala.

Kuɗin diyya kuwa tun kafin su zo an raba su a zuci. Ɗanliti, ƙanin Muntari, Gusau yake hari da iyalinsa, sauran ma kowa ya ɗaure kayansa. Ba don ran tsohon ba, da zuriyar ta watse. Dole aka haɗa kuɗin wuri ɗaya don a gina gida irin wancan sak, a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, yadda ƙafar makaho ba za ta tsargu ba.

Nan gizo ke saƙar. Katangar dutse da za ta tare ƙasa daga gangare ta cinye sulusin kuɗin. Ciko ya cinye wani sulusin, jakai suna ta jigila wata biyu kamar ana zuba wa rijiya. Aka soke kwanon rufi, aka koma azara da ƙasa. Muntari ya sayar da bajiman huɗarsa, ya dawo daga kasuwa da igiya a hannu.

"Kuɗinmu muka biznewa cikin ƙasa," in ji Ɗanliti. Amma bai tafi ba.

Abin kunya, Muntari a gidan aka haife shi, amma bai san faɗin ƙofar zaurensu ba. Da ya koma aunawa, ya tarar ruwa ya kwantar da katangun. Allah ya taimake shi da Nagode, wani magini ɗan garin Bakura da Taiba ta aiko. Mutumin bai taɓa shiga tsohon gidan ba, amma idan Muntari ya kwatanta abu, sai ya gyara masa, kuma gyaran ya fito daidai. Muntari ya ce gwaninta ce. Aibinsa ɗaya, duk Talata sai ya ajiye aiki ya tafi kasuwar Mafara sayen ƙusa. Ya dawo da ƙusar da ba ta cika tafi ba, ya rushe dokin ƙofar da ya gina jiya ya sake. Haka kuma ya ƙara wa sashen Ɗanliti ɗaki biyu ba da izinin kowa ba, wai mai 'ya'ya bakwai ba a matse shi. Ɗanliti ya daina zancen Gusau.

Ranar da aka dawo da Malam, bayan azahar, an ja wa maƙwabta kunne, an ja wa jikoki kunne. Direba ya yi zagaye don nisan ya yi kama da na da, ya tsaya daidai ƙofa. Aka riƙo tsohon har turaka, ya huta, ya sha ruwa, sai ya ce a sake shi.

Muntari yana biye yana ƙirga takun a zuci, tsoro ya cika shi fal. Idan ƙasar ta ɗan karkata fa? Idan ya fahimta, zuciyar za ta ɗauka? In ma ta ɗauka, da wane ido ɗa zai dubi uban da ya yaudara wata tara? A taku na goma sha tara ƙafar Malam ta sauka kan dokin ƙofar zaure. Taiba ta sauke ajiyar zuciya.

Malam ya shiga, ya miƙa hannu zuwa alkukin da yake ajiye littattafansa a bango. Hannun ya daki bango. Ya laluba ƙasa kaɗan, ya same shi. Fuskarsa ta canja. Ya dafa bangon ya auna da kamu daga ƙasa, ya sake aunawa.

Muntari ya matso kusa da shi. Ya durƙusa, hawaye na zuba, ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, komai ta fanjama fanjam.

Malam bai juyo gare shi ba. Ya karkata kai wajen bakin ƙofa, inda maginin ya raɓe cikin mutane, ya ɗaga murya.

"Nagode! Kamu ukku da yatsa huɗu nic ce maka ran Talata, ina ka kai man yatsun?"