Zuciyar Mutumin Gwaram

Dakta Abdulnasir ya sake jefa maganin olsa a baki, yana hararar ɗakin da aka ajiye sabuwar na'urar gwajin zuciya. Ɗazun nan aka gama gwada ta a kan ma'aikata, har shi aka kwantar yana ta mitar wayoyin sun yi masa sanyi. Amma da aka zo maganar wanda za a damƙa wa ita, kowa sai ya ce Dakta Abdurra'uf.

Abdurra'uf dai! Tare suka tashi a Gwaram, tare suka yi karatu a Kano, tare aka turo su aiki Birnin Kudu, amma kullum shi ake yabo. Haushinsa Abdulnasir yake ji, haushin da kwana biyun nan har ƙirjinsa yake yi masa nauyi. In Abdurra'uf ya ce abu fari ne, to a wajensa baƙi ne, ko da kuwa nono ne a ƙwarya.

Bai gama share zufa ba sai ga Abdurra'uf ya faɗo ofishin, ƙananan likitoci biyu na biye da shi. Sista Hapsatu ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da keken marasa lafiya.

"Dakta, taimaka min, wannan ta ɗaure min kai," in ji Abdurra'uf. Ya miƙa masa takardar gwaji, an ninke samanta. "Ta wani mutumin garinmu ce, mai taurin kan tsiya."

Daɗi ya kashe Abdulnasir. Yau ga gwani yana neman agaji a bainar jama'a. Ya gyara tabarau, ya ɗaga murya don har na waje su ji.

"Wannan ce ta ɗaure maka kai? Dubi alamar T ɗin nan a zanen bugun zuciyar ta kife, jini ba ya isar naman zuciyar ke nan. Nan kuma layin ST ya ɗaga, naman ya fara jin rauni, kuma yanzu haka abin yake faruwa. Ga alamar Q mai zurfi, wani ɓangaren ya riga ya mutu. Ai ko ɗalibi ya san wannan."

"Ka tabbata? Ni ba zai yarda da maganata ba."

"Na tabbata mana! A ba shi asfirin ya tauna, a kwantar da shi yanzu-yanzu. In ya yi gardama ku danne shi, don wallahi ba lalle ya kai la'asar ba."

Ya jingina da kujera yana murza kafaɗarsa ta hagu, yana jiran ya ga kunya a fuskar abokin hamayyarsa. Ƙwalla ya gani.

"Alhamdulillahi," in ji Abdurra'uf. "Na san duk duniya maganar likita ɗaya kaɗai zai ji."

Ya yafito Hapsatu ta turo keken, sannan ya warware ninkin takardar. Sunan da ke sama na Abdulnasir ne.