Ƙwaurin Azzaluma

"Duk wanda ya ce wa yaro a'a, azzalumi ne. Littafi guda na rubuta a kai."

Farfesan ya sanar da matarsa haka a filin shaƙatawa na Florida, yana nuna ƙatuwar mujiyar da ke gaisa da yara, shugabar makarantar nan ta fim ɗin katun, wadda ta hana ɗalibanta hawa daskararren tafki.

"Kai da littafinka!" in ji matar a fusace. "Ƙanƙarar ba fashewa ta yi a ƙarshe ba? Da ta ƙyale su, da sun nutse."

"Matsalarki ba kya karatu. Yarona, je ka nuna mata 'yancinka."

Yaron ya ruga ya zabga wa mujiyar shuri a ƙwauri. Uban ya ɗauki hoto. Mujiyar ta ɗaga fiffike kawai, domin dokar aiki ta hana ta magana, balle ta ce a'a.

A ɗakin canja kaya, wata dattijuwa ta cire kan mujiyar, ta naɗe wando, ta ɗora ƙanƙara a kan sabon kumburi, kusa da na jiya.