Gurbin Yatsa a Jikin Madubi

Tana gyara ɗaurin ɗankwali a gaban tsohon madubin shagon ɗinkinta, sai ta kai hannu ta dafa katakon gefensa kamar kowace safiya. Yatsunta suka manne wa katakon. Ɗanyen fenti ne ruwan gwal, yana ƙyalli kamar takardar alawa.

Mai gyaran agogo, maƙwabcin shagonta da take bar wa mabuɗi, yana bakin ƙofa yana murmushi.

"Ranki ya daɗe, gwangwani ɗaya ne kacal da sanfefa. Na ce ki ga aikin hannuna kafin ki ba ni amsar maganar aurenmu."

"Ina baƙin wurin nan?"

"Dattin? Sai da na yi gumi ya fita."

"Datti! Shekara goma sha tara baban yarana na dafa nan da babban yatsa in zai gyara gemu, har katakon ya lotsa. Abin da ya rage min na hannunsa ke nan, Malam, ka kankare."

Ya sunkuyar da kai, can ya ɗago.

"Na sani. Kullum ina kallon kina shafa shi. Ni ga ni da raina, da mamaci zan yi ta kishi har na tsufa?"

Ta dube shi, idanunta sun kaɗa sun yi ja.

"Da ka tambaye ni, wallahi ni zan riƙe maka gwangwanin. Da 'na yarda' na fito daga gida yau."

Ta raɓa ta gefensa ta fice.