Wanda Ya Ƙulla Shi Ke Fara Sauka

Har yau in na ji warin jiƙaƙƙiyar igiyar rama, sai in tuna wata la'asar a garin Babban Mutum. Ina shekara goma sha ɗaya, an kira Baba yasar rijiyar unguwarmu, don sana'arsa ke nan.

Ya miƙo mini igiyar da za a zura shi da ita, ya ce, "Yau kai za ka ƙulla."

Na ƙulla yadda nake ganin yana yi, na miƙa masa ina washe baki. Ko dubawa bai yi ba, sai ya zarga mini ita a ƙugu.

"A gidanmu, wanda ya ƙulla shi ke fara sauka."

Na sake duban ƙullin nawa. Na ce, "Baba, tsaya tukuna." Na kwance na sake har sau uku kafin na yarda da ƙullin. Aka zura ni har ƙafata ta taɓa ruwa, ƙullin bai motsa ba. Da na fito, Baba ya saka igiyar a jikinsa yadda take, ya sauka.

Bara na shiga jirgin ruwa na horar da matasa, irin na da wanda iska ke turawa. Ranar da aka ce wa zai fara hawa dogon itacen jirgin ya saki babban ƙyallen da ke tare iska, yaran da suka tashi a bakin teku suka yi tsuru-tsuru. Ni kuwa, ɗan mai yasar rijiya, na ƙulla igiyata, ban jira kowa ya duba ba, na hau.