Inshorar Bakin Iyaka

"Wannan jabu ce," in ji jami'in iyaka, ya cillo wa wani malamin makaranta takardar inshorarsa ta tagar mota.

Ran malamin ya ɓaci. Kwana uku ya yi yana sintiri a ofishin kamfanin inshora kafin ya same ta, direbobin tasha suna ta yi masa dariya.

"Ranka ya daɗe, ga lambar kamfanin nan, kira ka ji."

"Shekara goma sha biyu ina ƙofar nan ban taɓa ganin irinta ba. Kai za ka koya min aiki?"

Mahaifiyar malamin ta yi nishi a kujerar baya. Ƙarfe sha biyu likita zai yi mata aiki a ƙetaren iyaka, ga rana tana ɗagawa.

"Ɗan nan, bar gardamar," ta ce.

Ya taka zuwa rumfar da jami'in ya nuna da baki. Ya biya kuɗi, cikin minti biyar aka buga masa wata, ba a ko leƙa motar ba.

Jami'in ya karɓa. "Yauwa, ga ta gaske."

Ya ɗage shingen, ɗanyar tawadar ta yi shuɗi a babban yatsansa.