Injin Markaɗen Tsohuwa

Kai da ka dage tun ɗazu cewa harajin fetur ba zai sa kowa ya rage shan mai ba, wai don babu mai saye don marmari, gyara zama in ba ka misali. Rabin maganarka gaskiya ce, ɗaya rabin nake so mu duba.

An yi wata tsohuwa a wani ƙaramin gari, tana da injin markaɗe irin mai igiyar nan da ake fizga kafin ya tashi. Mijinta ne ya saya mata shekara biyu kafin ya rasu, da shi take ci, da shi take yin zumunci. Kullum sai ta zuba masa fetur kwalba huɗu daga wurin ɗan bumburutun bakin tasha, kuma da za ka ba ta Alƙur'ani za ta dafa cewa ko ɗigo ba ya tafiya a banza. Wata shekara hukuma ta ɗora haraji a kan fetur, kwalba ta yi tsadar da in tsohuwa ta sayi huɗu, wunin nan aikin banza ta yi. Ta rasa yadda za ta yi. Masu kawo mata markaɗe duk maƙwabta ne, ta san abin da ke cikin tukunyar kowace, kunya ba za ta bar ta ta ƙara musu kuɗi ba. Ɗanta da ke birni ya aiko cewa ƙarshen wata zai zo ya sayar da injin ya tafi da ita. Wannan saƙo ya fi harajin yi mata ciwo, domin ba ta son barin ɗakin da ta yi shekara arba'in a ciki.

Akwai wata mai ƙosai, katangarsu ɗaya, mace mai baki amma mai zuciyar kirki. Wata rana ta kawo wakenta aka markaɗa, ta ga idon tsohuwa ya faɗa, sai ta ƙi tafiya, ta jawo kujera ta zauna tana ɓare albasa. Tun daga hantsi har azahar tana kallo. Roba biyar kacal aka kawo, kowace ba ta ɗauki lokacin alwala ba, amma injin bai yi shiru ko sau ɗaya ba. Yana ta kuka da cikinsa wayam, yana shan mai yana jiran mai zuwa. Da ta faɗa wa tsohuwa abin da ta gani, tsohuwa ta ɗan ji haushi, sannan ta fito da gaskiya. Kafaɗarta ba ta iya fizgar igiya fiye da sau ɗaya a wuni. Kuma matan unguwa da kunne suke sanin tana aiki, in suka ji shiru sai su ɗauka ta rufe. Abu na uku ba ta faɗa ba, amma mai ƙosai ta gane: tun da maigidan ya rasu, ƙarar injin nan ce ke ɗebe mata kewa.

Mai ƙosai ba ta yi mata wa'azi ba. Ta yafa mayafi ta bi gida-gida tana roƙon mata su riƙa kawo markaɗe a lokaci ɗaya. Ba kowa ce ta amsa da daɗin rai ba, don akwai wadda ba ta tuna da kayan miya sai ta ɗora tukunya, akwai wadda jiƙa wake da wuri ya fi mata aikin gona wuya. Sai ta ce musu, "To, in aka tafi da Iya, ku shirya taka sayyada har injin bayan kasuwa da roba a ka." Nan jikin kowa ya yi sanyi. Aka tsayar da magana: markaɗe sau biyu a rana, da hantsi da kuma bayan la'asar, kowa ta zo a lokaci ɗaya. Wata ƙaƙƙarfa matar maƙeri ta ɗauki fizgar igiya. Tsohuwa kuwa ta kafa doka: geron kunu a gaba, wake na biye, barkono a ƙarshe, kada a yi wa wani kunu mai yaji. Ranar farko kwalba ɗaya da rabi ta gama aikin unguwa kaf. Tsohuwa ta ɗaga ragowar ta duba, ta sake dubawa, ta yi ta salati. Ashe shekara da shekaru, fiye da rabin man da take saye zaman jira yake ƙonewa.

Ƙarshen wata ɗan ya iso da motar a-kori-kura da mai sayen inji. Ya tarar da robobi jere har zaure, mata cike da tsakar gida ana ta shewa, uwarsa a kan kujera tana ba da umarni kamar sarauniya, har ta yi ƙiba. Hirar da take samu a wannan taro ta fi ƙarar inji ɗebe kewa nesa ba kusa ba. Ya tsaya ya kalla, ya sallami mai saye, ya koma birni da ƙullin ƙosai.

Ka ga, ba a janye haraji ba, kuma ba gidan da ya fasa cin tuwo da miya. Man da aikin yake ci daban, wanda ake saye daban, kuma tsohuwa ita kaɗai ba ta isa ta raba su ba, ko da ta sani. Shi ya sa Hausawa suka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.